Kano zuwa Jidda: Yadda yaƙin Sudan ya tsawaita tafiyar mahajjata

Tazarar da ke tsakanin Kano da Jidda, idan aka miƙe sambal ta sama, ba ta wuce kimanin kilomita 3,400 ba. Jirgin fasinja kan cinye ta cikin sa'o'i huɗu da rabi. Mai duba tikiti kan ga kamar tafiyar ta fi haka, domin agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da sa'o'i biyu. Wannan lissafi ya tsaya ne a kan sharaɗi guda: jirgin ya ratsa samaniyar Chadi da Sudan kafin ya tsallaka Bahar Maliya.

Sharaɗin ya rushe a ranar 15 ga Afrilun 2023, lokacin da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana saura makonni a fara jigilar alhazai. Matsalar ba ta tsaya kan Sudan kaɗai ba, domin a lokacin daga Khartoum ake kula da zirga-zirgar jiragen da ke ratsa ƙololuwar samaniyar Sudan ta Kudu. Ta arewa kuma ga Libiya, wadda kamfanoni da dama suka daɗe suna ƙaurace mata. Dole jirage suka riƙa yin dogon zagaye, tafiyar ta ƙaru da sa'o'i biyu ko fiye. Kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci, alhali an riga an sanar da kuɗin kujera.

Bukatar tasu tana da tushe. Kowace sa'a a sama tana cin man jirgi, wanda farashinsa ke bin dala. Kowace ƙasa da aka ratsa tana karɓar kuɗinta. Ga kuma dokar da ta ƙayyade sa'o'in aikin matuƙa, wadda kan tilasta ɗaukar ƙarin ma'aikata. Sannan idan aka ƙara mai a jirgi, sau da yawa sai an rage nauyin kaya, abin da ya fi damun 'yan kasuwar da kan haɗa Umara da sarin kaya.

Hanyar da aka toshe ɗin ita ce wadda alhazan da suka bi a ƙasa, wasu su shekara da shekaru kafin su kai Sawakin, wasu su yada zango a Sudan har abada. Jikokinsu na cikin waɗanda yaƙin yake ɗaiɗaitawa yau.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake sanar da kuɗin jirgi dunƙule. Ma'aikacin gwamnatin da ya shekara goma yana tari ba shi da hanyar sanin nawa ne kuɗin zagaye a cikin abin da ya biya, nawa ne na faɗuwar naira. Idan an ƙara kuɗi saboda hanya ta yi tsawo, ya kamata a rage shi ranar da ta gajarta, kuma hakan ba zai tabbata ba sai Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta riƙa bayyana hanyar da aka yi yarjejeniya a kanta da adadin sa'o'inta a kowace shekara. Hanyar da ta miƙe tana ratsa arewacin Darfur ne, yankin da ya fi ko'ina jin zafin yaƙin, don haka ba abin mamaki ba ne kamfanonin inshora su jima ba su amince da ita ba ko da an tsagaita wuta.