Ma'aunin Zafi Mai Uwa da Ɗa: Iska Yake Aunawa, Ba Cikin Buhu Ba

Zuwa ga 'yan'uwana 'yan kasuwa da dillalai na Yankara, da na Sheme, da Sabuwa, da Ƙanƙara, da Dandume, har zuwa Funtuwa, ina roƙon a ba ni ɗan fili a gefen farashin masara da dawa, in yi magana a kan wani abu da ya shigo mana sito.

Abin nan kuwa shi ne ma'aunin zafi marar waya, wanda yaranmu suke sayowa daga Kano. Guda biyu ne a kwali ɗaya. Akwai babba mai fuska kamar agogo, ni ina ce mata uwa, ita ake ajiyewa a ɗaki. Akwai ƙarami mai cin batir, shi ne ɗa, shi ake rataya a waje, yana aiko wa uwar labari ta iska kamar yadda rediyo yake kama tasha. Fuskar takan nuna zafin ciki da na waje, da yawansu kuma suna nuna ɗanshin iska. Ra'ayina a kansa shi ne: abin yana da amfani, amma iskar inda aka rataye shi kaɗai yake aunawa. Wanda ya ɗauke shi shaida a kan abin da ke cikin buhu, to ya shirya yin asara. Ba ji na yi ba, ni aka yi wa.

Kakar bara waccan na rataye uwar a bangon sitona, kusa da ƙofa. Hunturu ya fara busawa, sai ga wani dillali da masara buhu 60, farashinta da sauƙi. Na tauna ƙwaya, haƙorina ya ce mini da sauranta, ba ta fashe da ƙara ba. Dillalin ya ɗaga kai ya dubi bango, ya ce, "Haba Alhaji, ga na'urarka nan tana cewa ɗanshi 30, ina ruwa zai zauna a nan?" Na bi maganarsa, na ƙaryata haƙorin da ya shekara talatin yana ciyar da iyalina. Muka jibga buhuna har kusa da rufi. Bayan wata uku da na zo fitarwa, na gefe lafiya lau, iska ta busar da su. Na tsakiya kuwa, da na sa hannu sai na ji ɗumi kamar tuwon da aka rufe, ga fumfuna, ga wari. Buhu 18 na yi asara. Duk tsawon kwanakin nan na'urar ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya, iskar bakin ƙofa take faɗa mini, ni ne na tambaye ta abin da ba ta gani.

To ga inda kuskuren yake. Ɗanshin iska daban, ɗanshin ƙwaya daban. Masarar da za a ajiye watanni ana so ruwan jikinta ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100, kuma wannan da wata na'ura dabam ake auna shi, irin wadda masu saye wa kamfanonin abincin kaji suke zuwa da ita, a zuba mata ƙwaya a ciki. Ƙwayar da ba ta bushe ba tana numfashi, tana fitar da zafi da gumi, ƙwaro da fumfuna su ƙara nasu. Hatsi kuwa ba ya sakin zafi da wuri, saboda haka tsakiyar tsibi tana iya dahuwa alhali bango yana sanyi. Kuma kada a ce ai fumfuna ce kawai, a sheƙe a sayar. Tana haifar da wata guba da likitoci suke kira afalatokzin, wadda dafuwa ba ta kashe ta. A shekarar 2004 a ƙasar Kenya mutum 125 suka mutu saboda cin masara irin wannan.

Sa'an nan ko a kan zafin waje, wanda shi ne ainihin aikinsa, sai an lura. Wani maƙwabcina ya kafa ɗan nasa a jikin rumfar kwano, rana tana dukansa, ya zo yana rantsuwa wai Yankara ta kai digiri 55. Na ce masa, "Malam, zafin kwanonka ka auna." A bazarar 2024, lokacin da zafi ya gallabi ƙasashen Sahel, abin da aka auna a garin Kayes na Mali ran 3 ga Afrilu shi ne 48.5, duniya kuma ta yi ta maganarsa. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, da takwarorinta na sauran ƙasashe, a inuwa suke awo, cikin farin akwati mai kafofin shan iska, sama da ƙasa da mita ɗaya da 'yan kai zuwa mita 2. Saboda haka a rataye ɗan a inuwar da iska take ratsawa, nesa da kwano da bangon da rana take gasawa. A kuma duba harafin da ke gefen lamba. In C ne, shi ne awon da muke ji a rediyo. In F ne, na Amurka ne, 104 nasu shi ne 40 namu. Na ga wanda yaro ya taɓa masa maɓalli, ya wayi gari da 95, ya zaci na'urar ta haukace.

Akwai kuma maganar nisa. Abin da aka rubuta a kwali, ko mita 30 ne ko 60, a fili ne inda babu shamaki. Ginin bulo da ƙofar ƙarfe da rufin kwano duk suna rage shi. In batir ya yi sanyi ko saƙo ya yanke, waɗansu sukan tsaya a kan lambar ƙarshe na wani lokaci, mutum yana kallo yana cewa lafiya. Duk lambar da ba ta motsa ba daga asuba zuwa azahar, a tuhume ta. Masu ƙera su da kansu sun rubuta a takardar da ke ciki cewa yana iya kuskuren digiri ɗaya sama ko ƙasa, a ɗanshi kuma wajen kashi 5. A tsakiyar hunturu, in iska ta bushe ƙwarai, masu arahar sukan tsaya a 20 ko su daina nuna lamba.

Ba cewa nake a jefar da shi ba. Mudu ma ba mu karɓarsa sai mun gwada shi da wanda muka sani. Ga gwaji uku da kowa zai iya. Na farko, a ajiye uwa da ɗa gefe da gefe a inuwa awa ɗaya, in sun saɓa da fiye da digiri biyu, a mayar wa mai shago. Na biyu, a ƙulle ɗan a leda sosai, a nutsa shi cikin kofin da aka cika da ƙanƙara da ɗan ruwa, ƙanƙarar firij nake nufi ba garin maƙwabtanmu ba, bayan rabin awa ya kamata ya sauko kusa da 0. Na uku, a zuba gishiri a murfin kwalba, a ɗiga masa ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a rufe shi tare da ɗan a cikin roba mai murfi har kwana guda. Ɗanshi ya kamata ya nuna wajen 75. In ya nuna 70, ka san naka yana tauye biyar, sai ka riƙa ƙarawa.

In ya ci jarrabawar nan, to ga inda zai yi mana aiki. A ɗebo masara daga tsakiyar buhu, ba daga baki ba, a cika kwalba da ita, a sa ɗan a ciki in mai auna ɗanshi ne, a rufe ruf ta kwana. Yanzu iskar da yake shaƙa ta masarar ce. In ya nuna ƙasa da 65, a ajiye da kwanciyar rai. In ya haura 70, a koma shanya. Bayan an jera kaya kuma, a cusa ɗan tsakanin buhunan tsakiya, a riƙa rubuta lambarsa kowace safiya bayan sallar asuba a littafin ciniki. Ba lambar yini ɗaya ce abin dubawa ba. In ciki yana hawa kullum alhali garin bai ƙara zafi ba, a rushe tsibin nan a ranar, kada a jira ranar kasuwa.

Ga dillalai kuma ina da roƙo. Kada lambar bango ta zama abin rufe bakin mai saye. La'adar buhu 60 ba ta kai amanar da ke tsakaninmu ba, kuma wanda ya nuna awon da ya san ba na kayan ba ne, bai yi nisa da mai tauye mudu ba. Ni dai yanzu nakan tauna, in sa hannu, in sansana, sa'an nan in kwanar da ƙwaya a kwalba. In haƙori da na'ura sun yarda da juna, in biya. In sun saɓa, a shimfiɗa tamfol.

Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, ya tsare mana dukiya da hanya. Haza wasalam.

Daga ɗan'uwanku, mai sayar da hatsi a kasuwar Yankara.