Yaron da Muka Kira Dolo Ya Girma

Da wuya ka samu gidan Bahaushe da ba shi da yaro ɗaya da aka gaji da halinsa. Wani a ce masa dolo, wani miskili, wani kuma a yanke cewa iska ce ke taɓa shi. Shi ne mai toshe kunne idan an kunna lasifika a gidan biki, wanda ba ya iya kallon idon mai yi masa magana, sabuwar shadda mai sitaci kuwa sai an yi kokawa kafin ya sa ta ranar Sallah. Akwai kuma wanda ba ya zama wuri guda, a aike shi sayen gishiri ya dawo hannu rabbana da labarin akuyar maƙwabta. Waɗannan yara suna nan cikinmu yau, da gemunsu da iyalinsu, kuma da yawansu har yanzu suna ɗauka su ne suka lalace.

A nan unguwar Nasim, gabashin Riyad, na zauna da wani magidanci ɗan uwanmu da ya haura arba'in. Makarantar ɗansa ce ta matsa a kai yaron a duba shi. Likita ta shiga jero tambayoyi: yana jure hayaniya? Hankalinsa na tashi in an sauya masa abin da ya saba? Yana gane wasa da habaici? Bakinsa na amsawa a kan yaron, zuciyarsa na can makarantar allo, inda ya riga sa'o'insa hadda amma ya fi kowa shan bulala saboda ba ya gaisuwa yadda ake so. "Wallahi Malam, ni take karantawa," in ji shi. Daga baya aka duba shi, aka tabbatar shi ma yana da otizim, wanda Larabawa ke kira tawahhud.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Wani babban bincike da aka buga a 2019, kan mutum sama da miliyan 2 a ƙasashe 5, ya nuna gado ne ke da kimanin kashi 80 cikin 100 na lamarin. Dalilin da ya sa ba a gane iyayen ba kuwa, ilimin ne ya makara. Tun 1943 likita Leo Kanner ya siffanta otizim, amma an daɗe ana ganinsa a yaran da abin ya yi wa tsanani kaɗai. Mai magana da baki, mai cin jarrabawa, ba wanda ya waiwaye shi. Ko a Birtaniya, mawaƙiya Susan Boyle sai da ta haura hamsin ta san gaskiyar halinta, ta bayyana a 2013, bayan an rene ta a kan cewa ƙwaƙwalwarta ce ta taɓu wajen haihuwa. Ina ga wanda ya yi ƙuruciya a Kano ko Maraɗi a shekarun 1980?

Na mata ya fi ban tausayi. Yarinya mai shiru da gudun taro, a gida yabonta ake yi, a ce kunya ce da ita. Sai an kai ta ɗaki yabon ya koma zargi: ba ta iya tarbar baƙi, tana wa dangin miji girman kai. Wasu a haka aurensu ke mutuwa.

Na san masu cewa wannan duk uzuri ne aka ƙirƙiro wa malalata. Ban yarda ba. Mutumin da lalurar shagala da rashin natsuwa, irin ta yaron nan da ba ya zama wuri guda, ke sa shi manta wa'adin sabunta takardar zama ta iƙama har a ci shi tara, in ya san abin da ke damunsa zai sa ƙararrawa a waya, ya nemi magani, ya daina zagin kansa. Sanin ne ke ɗora masa nauyin gyara. Addu'a da ruƙiyya kuma ba su taɓa hana zuwa asibiti ba. Abin da zan ja kunne a kai shi ne ɗan bidiyon TikTok ba likita ba ne; kowa na mantuwa, kowa na gajiya da surutu.

A Riyad akwai cibiyar binciken otizim a Asibitin Sarki Faisal, akwai ƙungiyar Ishraq mai kula da lalurar shagala. A gida akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau, da Kware, da Barnawa ta Kaduna, kuma a 2023 Najeriya ta sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Abin da ke tare ƙofa shi ne tsoron a ce an ga wane a asibitin mahaukata, kuma mu dangi muka shuka wannan tsoron.

Don haka mai karatu, in kana da ƙane ko ƙanwa da kuka tashi kuna kira dolo, ka kira shi a wannan makon ka nemi gafararsa. In yana son ganin likita, ka raka shi da kanka.