Lasifikar Mota da Kunnuwan 'Ya'yanmu

Sau da yawa in iyali sun shiga mota, maigida yana ƙara murya don ba ya jin labarai sosai, yara a baya kuwa suna toshe kunne. Matsalar daga inda aka dasa lasifika take.

Siririn sauti, wanda ke fito da kalmomi tar, miƙe yake tafiya kamar hasken tocila. Shi ya sa ƙananan lasifikoki a gaba ake kafa su, a kusurwoyin gilashi, kusa da tsayin kunne. Matsakaita a ƙofofin gaba. Mai kaurin sauti kuwa, ko a but aka ajiye ta za a ji ta.

Waɗanda ke bayan kujera dab suke da ƙeyar yara. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019, iyakar yaro desibel 75 ce na awa 40 a mako, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Uwargida, cikin lalama ki nemi maigida ya murɗa maɓallin Fader zuwa gaba. Shi zai ji daram, yara su huta.

Sai wata mai zuwa, in sha Allahu.