Tamowa: a duba abin da ke cikin kunun jariri

Duk damina, idan rumbuna sun yi ƙasa kuma zazzaɓin cizon sauro ya shigo, cibiyoyin CRENI na Maradi da Damagaram kan cika da yara, akasarinsu ƴan wata 6 zuwa 23, lokacin da nono kaɗai ya daina isa. Hukumar OMS ta ce a fara ƙarin abinci a wata 6, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. To, me ake ba jaririn? Kunun hatsi tsululu, mai cika ciki kawai. Waken da muke nomawa buhu-buhu yake tafiya kasuwannin Najeriya. Ƙwai kuwa, wasu gidaje har yanzu suna cewa yana sa yaro sata. Garin Misola yana nan, amma sai da kuɗi. Cokalin dakakken ƙuli-ƙuli cikin kunu ya fi shi araha.