Zafin Wudil da Iyakar Juriyar Kwamfuta

A watan Afrilu zafin Wudil yakan haura digiri 40, ga kuma ƙurar hunturu ta riga ta toshe fankar kwamfuta. Zuciyar manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991, tana da matakan zafi: a na farko fanka ta tashi, a na biyu a rage saurin aiki, a na ƙarshe a kashe na'urar kafin ta ƙone. Ana iya sauya wasunsu, kuma hakan daidai ne, domin Wudil ba Helsinki ba ce. Sai dai malamin da ya ɗaga matakin ƙarshe don kada darasi ya tsaya, kwamfutar makaranta yake jefawa cikin haɗari. Na farkon ya kamata ya saukar, ya kuma kakkaɓe ƙurar.