Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A wata damina da ba zan manta ba, kawuna ya dawo daga garin Kebbe da buhu biyu na takin zamani ɗaure a bayan babur, ɗaya kamfa ɗaya yuriya. Ya sauke su a zaure, ya zauna yana dubansu bai ce uffan ba. A lokacin watan Agusta ya riga ya raba, marka ta kankama, geronsa ya fid da kai, masarar da ya shuka a bayan gari kuwa ta yi ɗorawa ta tsaya cak. Tun watan Mayu aka rubuta sunansa cikin waɗanda za a ba takin tallafi. Da na tambaye shi abin da zai yi da shi, sai ya ce, "Ɗana, me ake yi da maganin da ya iso bayan an dawo daga maƙabarta?" Kafin mako ya zagayo ya sayar da buhunan ga wani mai noman rani, ya sayi hatsi da kuɗin.

A takardun hukuma, kawuna yana cikin manoman da suka amfana. A gonarsa kuwa ko ƙwaya ɗaya ta takin ba ta taɓa ƙasa ba. Wannan giɓi da ke tsakanin takarda da gona shi ne abin da nake ƙara a kansa. Da'awata ita ce, takin da aka sayo ba tare da an yanke ranar da zai isa hannun manomi ba, asarar dukiyar jama'a ce, ko da ba a saci ko buhu ɗaya daga cikinsa ba.

Mun saba ɗora laifin duka a kan sata, kuma ba na wanke ɓarayi. Amma a yi adalci: ƙasar nan ta sha yunƙurin toshe wannan kafa. A shekarar 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, an ɓullo da tsarin aika wa manomi saƙo ta wayar hannu domin ya karɓi buhu biyu a kan rabin kuɗi, ba tare da ya bi ta hannun 'yan siyasa ba. A ƙarshen 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙulla yarjejeniya da Maroko, aka riƙa haɗa taki a cikin gida, aka sa wa buhu farashin naira 5,500. A watan Maris na 2022 aka buɗe masana'antar takin Dangote a Lekki, wadda aka gina domin fitar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Ɗaya ya nufi sata, ɗaya ya nufi tsada, ɗaya ya nufi ƙarancin kaya. Duk da haka, manomin Kuchi ko Margai ko Sanyinna, in ka tambaye shi kukansa, cikin abin da zai fara faɗa akwai latti.

Dalili shi ne shuka ba ta san kasafin kuɗi ba. Masara tana son kamfa lokacin shuka ko cikin mako biyu da tsirowa, tana son yuriya tsakanin mako huɗu zuwa shida. Gero yana nuna cikin kimanin wata uku. A ƙasarmu ruwa yakan zauna a watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Ke nan ƙofar da taki yake da amfani a cikinta 'yan makonni ce, kuma in ta rufe sai baɗi.

To, yaya ake sayen takin? Ofishi ɗaya ne yake tallata kwangila, ya tantance 'yan kwangila, ya zaɓi mai rahusa. Wani ofishi daban yake sakin kuɗi. Na uku ne yake neman motocin da za su yi jigila, sau da yawa bayan kaya sun riga sun taru a sito. Kowannensu yana da ma'aunin da yake auna nasararsa: mai saye yana alfahari da farashi, mai kuɗi yana alfahari da bin ƙa'ida, mai jigila yana ƙirga tirela. Babu ɗaya daga cikinsu da za a tuhuma in gero ya riga taki. Jinka ce mai masu ɗauka da yawa, amma kowa ya fuskanci gabas ɗinsa.

A dubi hanyar kanta. Tirela ɗaya tana ɗaukar buhu 600, wato tan 30. Wadda ta taso daga Legas ta biyo Kwantagora da Yawuri da Jega, dole ta ratsa tsakiyar Tambuwal kafin ta isa birnin Sakkwato, kimanin kilomita 100 a gaba. In aka ce sai an tara kaya a babban birni an yi bikin ƙaddamarwa, an jera motoci an ɗauki hoto, to rabon Tambuwal da Kebbe ya wuce ta ƙofar gidan masu shi, sannan a sake biyan kuɗin lodi da na gas a komo da shi kudu. Daga nan kuma sai a bar kwalta a shiga hanyoyin ƙauye a daidai lokacin da ruwa ya cinye su, inda motar da za ta yi tafiyar awa ɗaya da rani take kwana a cikin taɓo. Wanda ya sa hannu a kwangilar bai lissafa wannan ba, domin a ganinsa ba aikinsa ba ne.

Abin kunyar shi ne kakanninmu sun san wannan ilimi tun kafin a kafa ma'aikata. Fataken goro da suke bi ta Jega da Yawuri zuwa Gwanja ba su raba saye da tafiya ba. Madugu yakan san abin da za a sayo, da yawan jakunan da za su ɗauke shi, da zangon da za a sauka, da lokacin da koguna za su ƙetaru. Shi ya sa ayari yake tafiya da rani. Goro kaya ne mai lalacewa, kuma falke ya san ribarsa tana rataye da ranar isowarsa. Har gobe ɗan kasuwar Tambuwal mai sayar da taki a shagonsa yana cika sito tun bazara, saboda in ya makara aljihunsa ne zai ji. Ma'aikaci kuwa albashinsa yana zuwa ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba.

Za a ce da ni doka ce take jawo jinkiri. Gaskiya ne Dokar Sayen Kayan Gwamnati, yadda aka kafa ta a 2007, ta wajabta wa hukumomin tarayya tallata kwangila na aƙalla mako shida kafin a rufe karɓar tayi, jihohi ma suna da irin tasu. Amma doka ta faɗi tsawon hanya ne, ba ta hana sammako ba. Wanda ya san tafiyarsa ta wata huɗu ce, kuma ya san ruwa zai sauka a Yuni, ba shi da hujjar fara shiri a Afrilu. Za a kuma ce kuɗi ne ba sa fita da wuri. A 2020 kasafin tarayya ya koma farawa daga Janairu, don haka ba a rasa lokaci ba. Abin da aka rasa shi ne sanya taki a sahun abin da ba ya jira. Wasu kuma za su ce a bar wa 'yan kasuwa harkar baki ɗaya. Ina da sassauci ga wannan ra'ayi, domin taki mai tsada a kan kari ya fi mai araha bayan kari. Sai dai muddin hukuma ta ɗauki alkawari, manomi yakan jinkirta saye yana jiranta, ɗan kasuwa ma yakan ji tsoron tara kayan da tallafi zai karya masa farashi. Alkawarin da ya makara yana cutar da manomi sau biyu.

Gyaran ba ya bukatar sabuwar hukuma. A fara lissafi daga gona a komo baya: in ana son taki a Kebbe kafin ƙarshen Afrilu, yaushe za a yi lodi, yaushe za a biya, yaushe za a tallata kwangila? A rubuta a cikin kwangila sunan garin da za a sauke kaya da ranar saukewa, a biya ɗan kwangila bisa abin da ya isa can, a ci shi tara a kan kowane mako na latti. A zaunar da mai saye da mai jigila da malamin gona a kan tabarma ɗaya tun da kaka, a ɗora wa mutum ɗaya sananne alhakin ranar isowa. A sauke rabon kudancin jiha a Tambuwal kai tsaye, a shigar da na ƙauyuka tun hanya tana bushe. Sannan a bar mana ƙirgar tirela, a riƙa gaya wa jama'a buhu nawa ya isa hannun manomi kafin ruwan shuka.

A watan Yuni na 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace kadada kafin 2015. Kilo aka ƙirga, ba a ƙirga kwanaki ba. Kawuna bai san da wannan taro ba, kuma bana ma ya sake bayar da sunansa. Amma ya riga ya sayar da akuya biyu tun watan Afrilu ya sayi buhu ɗaya a kasuwa, ya kai takin turke gona tun da rani. Na hukuma, in ji shi, in ya zo zai karɓa, masu albasa suna nan suna jira.