Shawara Ɗaukar Ɗaki Ce, Amma a Duba Wanda Za a Kira

Duk wanda ya kasa kunne ga hirar ɗalibai a lokacin tara, ko a hanyar komawa gida bayan an tashi, ya san ba lissafi da Turanci kaɗai ke damunmu ba. Wannan ƙawarta ta daina yi mata magana, ba ta kuma san laifinta ba. Wancan saura ƙiris ya kai wa ɗan ajinsu naushi don an yi masa dariya a gaban allo. Wata kuwa kyanwar gidansu ce ta addabe su, ta yi fitsari a katifa, ta yage labule, ta hana kowa barci da kuka, har babansu ya ce a sa ta a buhu a kai ta bayan gari. Dukansu abu ɗaya suke nema, wato wanda zai ce musu ga yadda za a yi.

Mu a Kulob ɗin 'Yan Jarida muna ganin neman shawara ba abin kunya ba ne. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki. A ƙasa ake haɗa jinka, in an gama sai a kira maƙwabta su kama a ɗora ta bisa gini, domin mutum ɗaya ba ya iyawa. Sai dai in masu kamawa suka taru a gefe guda, jinkar karkacewa za ta yi. Abin da ke faruwa da yawancinmu ke nan. Masu ba da shawara sun yi yawa, a aji, a unguwa, a WhatsApp da TikTok, amma kaɗan ne ke tsayawa su ji ɗaya ɓangaren. Ma'aunin da muke so kowane ɗalibi ya riƙe mai sauƙi ne: mai shawarar kirki yakan yi maka tambaya kafin ya ba ka amsa.

Mu fara da kyanwa

Mun fara da ita ne domin ba ta da bakin kare kanta, don haka a kanta ake saurin gane shawarar banza. Ka ce kyanwarku tana ɓarna, nan take za a ce ka doke ta, ko ka watsa mata ruwa, ko ka jefar da ita. Wanda ya san dabbobi kuwa zai fara da tambaya: mace ce ko muzuru, watanta nawa, a ina take bayan gida, me take ci, yaushe abin ya fara?

Kowace tambaya tana da dalili. Kyanwa dabba ce mai son binne kashinta, kuma tana gudun wuri mai ƙazanta. In babu kasko ko tsohuwar roba mai yashi da aka tanadar mata, ko akwai amma ba a sauya yashin, za ta nemi wuri mai laushi, katifa kuwa ta fi kusa. In ta saba da yashinta sannan kwatsam ta daina, ana iya samun ciwo ne a mafitsararta, wannan kuma aikin likitan dabbobi ne. Muzurun da ke fesa fitsari a bango alama yake sa wa yankinsa don sauran muzurai su sani, kuma fiɗiyar da likita zai yi masa tana rage hakan sosai. Kukan dare na macen yawanci neman namiji ne. Tana iya ɗaukar ciki tun tana 'yar wata 5 ko 6, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne kawai, shi ya sa gida ke cika da 'yan kyanwa kafin a ankara. Yakushin labule da kujera kuwa gyaran farce ne da miƙar jiki. A ajiye mata guntun katako ko tsohuwar tabarma kusa da inda take kwana, a rufe ɗakin da ba a so ta shiga. Duka ba ya koya mata komai sai tsoron mutum, kyanwa mai tsoro kuma ita ce ke cizo.

Akwai shawarar da ke kisa. Wani zai ce in kyanwa ba ta da lafiya a ba ta farasitamol. Wannan magani guba ne ga kyanwa, ko ɗan kaɗan ne. Albasa da tafarnuwa ma suna cutar da ita, madarar da muke gani ana ba ta a majigin yara kuma tana sa wa manyan kyanwoyi da yawa zawo. Mai ciki a gida kada a bar mata kwashe kashin kyanwa, domin akwai ƙwayar cuta a cikinsa da ke iya taɓa abin da ke cikinta.

Ba kowace mage ba ce kyanwar Lami, wadda ba ta cizo ba ta yakushi. Ciwon haukan kare ba a kan kare kaɗai ya tsaya ba, kyanwa ma tana ɗaukarsa ta kuma sa wa mutum. In ta cije ka ko ta yakushe ka har fata ta buɗe, musamman wadda ba a san gidansu ba, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan ka tafi asibiti a ranar. Kada ka jira, kada ka tsaya shafa toka ko man fetur don wani ya faɗa. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana kusan ba a tsira, amma allurar da aka fara da wuri tana hana shi. Kyanwar gida kuma a kai ta ofishin likitan dabbobi a yi mata rigakafi. Muna tuna wa masu shirin ɗaure ta a buhu cewa a darasin addini an koya mana hukuncin wanda ya tsare kyanwa ya hana ta abinci, kuma sahabi Abu Huraira ya samo laƙabinsa ne daga 'yar kyanwar da yake ɗauka.

Fushi

Shawarar da aka fi bai wa mai fushi a makaranta iri biyu ce. Abokai su ce kada ka yarda, in ka ƙyale an raina ka ke nan. Manya su ce yi haƙuri, su wuce. Ta farko tana kai ɗalibi ofishin shugaban makaranta, wani lokaci da takardar dakatarwa ana saura kwanaki a fara jarrabawa. Ta biyu gaskiya ce, amma ba ta faɗi yadda ake yin haƙurin ba.

Malamin bayoloji zai gaya maka abin da ke faruwa. In ranka ya ɓaci, wasu ƙananan sassa da ke saman ƙodarka suna sakin wani sinadari da ake kira adirinalin cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jiki ya ɗaure, ya shirya wa faɗa ko gudu. Ɓangaren ƙwaƙwalwa na gaban goshi, wanda ke auna abin da zai biyo baya, shi ne ke ƙarshen nuna, sai mutum ya wuce shekara 20 yake kammala. Wannan ba hujjar marin kowa ba ce. Dalili ne na mu riƙa ba kanmu lokaci fiye da yadda babba ke buƙata.

Saboda haka haƙurin farko na jiki ne. Ka yi shiru. Ka bar wurin. In kana tsaye ka zauna. Ka ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali. Ka wanke fuska, ko ka yi alwala kamar yadda aka koya wa Musulmi. Ka ajiye wayar, domin saƙon da aka tura cikin fushi ba ya dawowa, ko ka goge shi wani ya riga ya ɗauki hotonsa. Magana zarar bunu ce.

Haƙuri na biyu shi ne komawa kan maganar bayan an huce. Wanda ya haɗiye fushi bai furta ba, tara shi yake yi, ran da zai fashe kuma a kan ƙaninsa ko ɗan aji ɗaya da bai san hawa ba bai san sauka ba zai fashe. A nan ne mai shawarar kirki ke yin tambayoyinsa: me aka yi maka, sau nawa, ka karya kumallo yau, ƙarfe nawa ka kwanta jiya, lafiya dai a gida? Sau da yawa dariyar da aka yi a aji ba ita ce asalin ɓacin ran ba. In kuwa wani babban ɗalibi ne ke cin zalinka kullum, to fushinka yana kan hanya, abin da ya rage a kai ƙara inda za a yi maganin abin. Ɗalibin da ya ga fushinsa ya kai shi ga fasa kaya, ko tunanin cutar da wani ko kansa, ya gaya wa babba a yau, kada ya bari sai gobe.

Zaman tare

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle aboki da aboki, ko 'ya da uwa, ko wa da ƙani. A nan ne shawarar waya ta fi ɓarna. Mai bidiyon minti ɗaya zai ce duk wanda bai amsa saƙonka ba ka yanke shi daga rayuwarka. Bai san ƙawar taki wayar babarta take ara ba. Bai san an kwantar da mahaifin abokinka a asibiti ba. Bai san ku ba, kuma ba zai zo ya zauna a bencinku gobe da safe ba. Abin da yake nema yawan masu kallo.

Haka ma kai ƙara zauren WhatsApp na aji. Mutum 40 za su ji ta bakinka kaɗai, su yanke hukunci, saɓanin da mutum biyu za su iya kashewa a gindin bishiya ya zama rigimar ɓangarori. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ba ya iya nuna maka naka warin, ɗan kore ne kawai. Mataki na farko kullum shi ne a sami mutumin shi kaɗai a tambaye shi cikin ladabi ko an yi masa laifi. In hakan ya faskara, a nemi mutum ɗaya da ku duka biyu kuke jin nauyinsa.

Ba za mu yi kamar ba mu san ana rubuta wasiƙu da tura saƙonnin soyayya ba. Abin da za mu ce shi ne, ɗan ajinku da bai fi ka shekaru ba bai fi ka sanin wannan hanya ba. Akwai kuma abin da ba a ɓoye shi ko kaɗan. Duk wanda ya nemi hoton jikinki, ko ya ce ki same shi a ɓoye, ko ya ba ki kuɗi ya ce kada kowa ya ji, ko ya yi barazanar tona asiri, to a gaya wa uwa, ko gwaggo, ko malamar da aka yarda da ita, ko wane ne shi, ko da malami ne ko ɗan uwa. Wannan ya shafi maza kamar yadda ya shafi mata.

Ga malamanmu da iyayenmu

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mun yarda. Amma muna roƙon a tambayi dalilin da ya sa ɗalibi ke gwammace ya tambayi waya. Waya ba ta tsawa. Ba ta ce wa yaro ubanwa ya aike ka. Ba ta kai labarinsa ofishin malamai, ba ta kuma yi masa habaici da shi a taron safe. Ɗalibin da ya faɗi damuwarsa sau ɗaya ya ji ta a bakin wani, ya rufe bakinsa ke nan, kuma duk ajinsu sun koyi darasi daga gare shi. In ana so mu zo, a saurare mu har mu kai aya, a riƙe sirri, in kuma maganar ta kai dole a sanar da iyaye, a fara gaya wa mai ita.

Muna kira ga hukumar makaranta da ta sa lokaci sananne a kowane mako da ofishin ba da shawara zai kasance a buɗe, da malami namiji da malama mace, a liƙa lokacin a allon sanarwa. Mu kuma a namu ɓangaren za mu ajiye akwati a ƙarƙashin wannan mujalla. Duk mai tambaya ya rubuta ya jefa, ba sai ya sa suna ba. Ba mu za mu amsa ba, domin mu ma ɗalibai ne. Ta dabbobi za mu kai wa malamin aikin gona, ta lafiya malamin bayoloji ko ma'aikacin lafiya, ta zamantakewa kuma ofishin ba da shawara, sannan mu liƙa amsar a fitowa ta gaba. Wadda ta shafi haɗari ga ɗalibi ba za ta hau bango ba, hannun malamar ba da shawara za ta tafi kai tsaye. Matambayi ba ya ɓata, in ya tambayi wanda ya san hanya.

Kulob ɗin 'Yan Jarida